Daƙiƙa 88 a rana: bin garantin sabon agogona tsakanin Jos da Abuja

Lahadi, 5 ga Janairu, 2025

Na buɗe wannan littafi ne saboda sabon agogona yana gudu. Ranar Asabar 28 ga Disamba na saye shi a wani kanti a Wuse 2 da ke Abuja, naira 410,000, kuɗin da na fi shekara ina tarawa. Ƙirar Japan ne, ba ya aiki da batir. Sifirin ne a cikinsa, motsin hannu ke wana shi, in an ga dama kuma a wana da yatsa. Shekaranjiya Juma'a na duba shi na rufe shago da hanzari, ina zaton an kusa tayar da salla, sai na tarar ko liman bai hau mumbari ba. Da na gwada da waya, ya wuce ta da fiye da minti takwas. A kwana shida kacal.

Maƙwabtana a kasuwa suna ta tambayata me ya kai ni, alhali ga agogon batir na dubu goma da ba ya kuskure. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin reluwe ne. Kullum bayan Asuba yakan zauna a kan buzu ya wana agogonsa, ya kara shi a kunne, sannan ya ɗaura. Wannan ƙarar nake so a hannuna. Amma mutumin da ya yi rayuwarsa da lokacin jirgi ba zai yarda da agogo mai gudun minti takwas a mako ba, ni ma ba zan yarda ba.

Ɗan littafin da ya zo a kwali ya ce injin zai iya yin baya da daƙiƙa 20 ko gaba da daƙiƙa 40 a rana, in yana hannu kuma yanayi yana tsakanin digiri 5 da 35. Garanti shekara biyu. Yau da ƙarfe tara na dare na ja kan wani, wato ɗan maɓallin gefe da ake wana agogo da shi, hannun daƙiƙa ya tsaya, na daidaita shi da time.is, shafin intanet mai nuna lokaci daidai. Daga yau kowane dare ƙarfe tara zan gwada in rubuta.

Litinin, 6 ga Janairu

Gaba da 88.

Alhamis, 9 ga Janairu

Talata 91, Laraba 84, yau 93. Na ɗaura shi tun safe har dare kowace rana.

Lahadi, 12 ga Janairu

86, 90, 87. Jimillar mako guda daƙiƙa 619, wato minti goma da daƙiƙa 19. In aka raba, 88 ne a rana, ya ninka abin da kamfanin da kansa ya amince da shi har da ɗori. Abu ɗaya ya ɗan kwantar min da hankali: gudun nasa iri ɗaya ne kullum, tazarar ranar da ya fi gudu da ranar da ya fi sauƙi daƙiƙa tara ce. Gobe zan kira kantin.

Litinin, 13 ga Janairu

Yaron da ya sayar min ne ya ɗauka. Ya ce, "Alhaji, ai haka sabon otomatik yake, sai ya yi wata guda kafin ya zauna." Da na karanta masa lissafin sai ya koma kan sanyin Jos. Gaskiya ne muna cikin hunturu, da asuba ruwan alwala kamar ƙanƙara. Amma agogon yana manne da fatar hannuna a ƙarƙashin rigar sanyi, dare kuma a ɗaki yake kwana. Na ce masa sanyin da ya shiga tsakanin fatata da agogo ai ni zai fara kayarwa. Ya ce zai gaya wa manaja. Na ɗauki hoton shafin lissafin na tura masa ta WhatsApp domin ranar da na fara kai ƙorafi ta zauna a rubuce.

Ban ji daɗin wayar ba. Bai yi min rashin kunya ba, amma na lura amsa ce da aka saba ba kowa don a sallame shi.

Laraba, 15 ga Janairu

Na je wajen wani dattijo mai gyaran agogo a gefen kasuwar Terminus ta Jos, wanda mahaifina ke kai wa nasa. Teburinsa na nan yadda na san shi ina yaro, gilashi a sama, matattun agogai a jere a ƙasa. Ya ce yanzu aikinsa ya koma sauya batir da rage tsawon sarƙa, a wata da wuya a kawo masa mai wani guda biyu. A zamanin kuza kuwa, in ji shi, har layi ake yi masa ƙarshen wata.

Na miƙa masa na ce, "Baba, buɗe ka rage masa gudu." Ya juya shi, ya ga ledar murfin baya ko ɓarewa ba a yi ba, ya tambaye ni ko yana da garanti. Na ce shekara biyu. Ya ajiye abin buɗewar ya ce, "Ɗana, in na sa ƙarfe a murfin nan, takardarka ta mutu. Kome ya same shi gobe za su ce ni ne." Minti goma zai yi aikin ya karɓi kuɗinsa, amma ya ƙi. Allah ya saka masa da alheri.

Sai ya ɗauko ɗan kamfas irin na duba alƙibla ya ɗora a tebur, ya matso da agogon a hankali. Allurar ta juya ta bi agogon. Ya ce ya sha maganaɗisu. Ya tambaye ni inda nake ajiye shi da dare. A kan ƙaramar rediyon da ke gefen gado, kusa da waya, tun daren farko. A bayan lasifikar kowace rediyo akwai mayen ƙarfe. Wannan laifina ne, ban sani ba, a kantin ma ba wanda ya gaya min.

Ya yi min bayani da wani tsohon inji da ya buɗe. Zuciyar agogo wani ɗan wili ne mai kai da komo, a tsakiyarsa akwai siririn sifirin kamar gashi, naɗe kamar gammo. Irin nawa yana bugawa sau shida a daƙiƙa, 21,600 a awa, sama da rabin miliyan a rana. Tsawon wannan gashin shi ke yanke saurin bugun. In maganaɗisu ya shige shi, zagayen naɗin sukan manne da juna, gashin ya zama kamar ya gajarta, wilin ya riƙa dawowa da wuri, agogo ya yi ta gudu. Rana tana da daƙiƙa 86,400, don haka 88 kusan ɗaya ce cikin dubu. Ƙanƙanin abu ne a wajen inji, amma a hannun mutum minti goma ne a mako.

Yana da wani ɗan akwati mai aiki da wuta na cire maganaɗisu, ba sai an buɗe agogo ba. Muka jira aka kawo wuta wajen ƙarfe biyu. Ya ɗora shi, ya danna, ya janye shi sannu a hankali har tsawon hannu, sau uku. Ya sake gwada kamfas, allura ta ɗan motsa kaɗan kawai, wadda ya ce ta ƙarfen jikin agogon ce. Naira 2,000. Rediyo ta koma falo.

Alhamis, 16 ga Janairu

Gaba da 57. Daƙiƙa talatin sun tafi a dare ɗaya.

Laraba, 22 ga Janairu

61, 55, 59, 60, 56, yau 58. Tsakaici 58. Na so a ce maganaɗisu ne kaɗai, da magana ta ƙare a nan. Ashe matsala biyu ce ɗaya a kan ɗaya: tawa ta rediyo, da ta saitin da ya zo da shi. Tawa ta fita, saura daƙiƙa 18 sama da iyakar da suka rubuta da hannunsu. Wannan tasu ce. Manaja bai kira ba. Asabar zan je da kaina.

Asabar, 25 ga Janairu

Mun bar Jos bakwai saura, ta Hawan Kibo, Akwanga, Keffi. Cunkoson Mararaba da Nyanya ya ci mana fiye da awa. Na isa kantin bayan Azahar.

Nan na gamu da abin da ban zata ba. Yarinyar da ke kan kanta ta buɗe katin garanti ta ce babu hatimi, babu kwanan wata, babu lambar agogo, fanko ne. Ranar da na saya ban duba ba, su ma ba su cike ba. Ta ce ba za su karɓa ba sai da rasit. Rasit kuwa yana Jos cikin aljihun rigar da na sa ran nan. Na kira maiɗakina, Allah ya sa ba a kai rigar wanki ba, ta ɗauki hotonsa ta turo. Suka ce hoto bai isa ba sai manaja ya gani, manaja kuma ya fita. Na zauna a kujerar roba har bayan La'asar. Raina ya ɓaci sosai, don kuskuren cike kati nasu ne, amma ni ake kallo kamar na zo da kayan da ba a san asalinsa ba.

Manajan ya zo, mutum mai natsuwa. Shi ma da maganar sabo ne zai zauna ya fara. Ban ja da shi ba, na buɗe littafin nan na ajiye a gabansa, na ɗora ɗan littafin kamfani a gefe, a buɗe a shafin da aka rubuta 40. Ya bi ranakun da yatsa. Na gaya masa batun rediyo da kaina, na nuna masa inda lissafi ya faɗo daga 88 zuwa 58. Ya ɗago ya ce, "Alhaji, yawancin masu zuwa cewa kawai suke yana gudu, in ka ce da nawa sai su yi shiru." Ya nemo cinikin a kwamfutarsu, ya cike katin da ranar 28 ga Disamba, ya buga hatimi.

Ba su da mai gyara a Abuja, Legas za a kai. Ya ce mako biyu. Na nemi takardar karɓa mai ɗauke da lambar agogon da abin da ake so a gyara, na ɗauki hotonsa ta kowane gefe a gabansu saboda ƙarzuwa. Zan kwana Kubwa gidan yayana.

Kuɗin mota zuwa da komawa 26,000, zirga-zirgar cikin gari 6,500.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Shiru. Ina ta duba tsintsiyar hannu ba komai.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Mako biyu sun cika. Na kira, an ce yana Legas.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Na matsa da tambaya yau, sai yaron ya faɗa min gaskiya: agogon bai bar Abuja ba sai 4 ga wata, kwana goma yana aljihun tebur ana jiran a tara kayan da za a aika tare. Da an gaya min tun farko da ban damu haka ba. Jinkiri ina iya haƙuri da shi, ɓoye min da aka yi ne ya ci min rai. Yayana ya ce in kai ƙara FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu sayen kaya, tunda hedikwatarta ma a Abuja take. Na ce a bari tukuna. Na rubuta wa manaja saƙo da jerin ranaku, na roƙi ya ba ni rana takamaimai. Ya ba da haƙuri, ya ce Talata.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Ya cika alkawari. Jiya ɗan yayana ya karɓa, ya naɗe kwalin cikin tawul ya ba direba a tasha, yau na karɓa. Kuɗin direba 3,000. Babu ƙarzuwa. Babu kuma wata takarda da ta nuna abin da aka yi masa ko abin da aka auna. Na gwada da kamfas ɗin dardumata, lafiya. Na saita ƙarfe tara.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Baya da 31. Na sake dubawa sau uku.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Baya da 34, 29, 33. Daga gaba da 58 an dawo da shi baya da 32, an tsallake tsakiya da nisa, kuma har yanzu yana wajen iyaka, wannan karon ta ɗaya gefen. A wurina wannan ya fi na da muni. Agogo mai gudu zai kai ka masallaci da wuri ka zauna jira. Mai jinkiri kuwa sai ka tarar an yi raka'a. Ga azumi saura kwanaki.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Na koma wajen Baba da littafin. Ya nuna min a tsohon injinsa wani ɗan hannu kusa da wilin, gefe ɗaya alamar ƙari, gefe ɗaya ta ragi. Shi ke riƙe gashin, in an tura shi tsawon da ke aiki ya ƙaru ko ya ragu. Ya ce turawar da ido ba ya gani sosai tana iya sauya daƙiƙa ashirin ko talatin. A ganinsa hannun mai gyaran ya zarce, kuma bai bar agogon ya kwana ya sake aunawa ba. Ya ce shi a zamaninsa ba ya ba da agogo sai ya yi kwana uku a teburinsa.

Na ce, "Baba, na gaji, ka yi min kawai." Ya ce dubu biyar zai karɓa in na nace, amma in yi haƙuri sau ɗaya tak, tunda yanzu su ne suka buɗe, hujja tana hannuna. Na tura wa manaja hoton sabon shafin. Cikin awa guda ya kira da kansa. Ya ce babban mai gyaransu zai zo Abuja ranar Alhamis da kayan aikinsa, in zo a yi a gabana.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Yau na ga abin da ya kamata a yi tun ranar da na saya. Mai gyaran Bayerabe ne amma a Zariya ya tashi, Hausarsa tsaf. Ya karanta littafina daga farko kafin ya taɓa agogon. Ya wana shi ya cika, ya gwada maganaɗisu, sannan ya maƙala shi a wata na'ura mai sauraron bugu, tana nuna sakamako a allo cikin ƙasa da minti.

Abu uku take nunawa. Na farko gudu ko jinkiri a rana. Na biyu nisan da wilin ke juyawa, ya ce nawa digiri 268 ne fuska a sama, lafiya ƙalau ga irin injin, alamar mai da sifirin ba su da matsala. Na uku bambancin bugun zuwa da na dawowa, wanda ake aunawa da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Nawa 0.9 ne, ya ce ba laifi amma zai iya fin haka.

Sai ya riƙa juya agogon. Fuska sama, baya da 22. Kan wani yana kallon sama, baya da 38. Agogo ɗaya, minti ɗaya, amsa daban. Ya ce nauyin wilin da gogayyar ƙafarsa sukan sauya da yadda aka ajiye shi, ɗan hannun saiti kuwa ba ya goge wannan tazara, gaba ɗaya yake ɗaga su ko ya sauke. Don haka sai ya tambaye ni hannun da nake ɗaurawa, da ko zama na fi yi ko tsayuwa. Na ce hagu, kuma yini nake a tsaye ina ɗauko kaya. Ban taɓa zaton aikina zai shiga lissafin saitin agogo ba.

Ya buɗe murfin, ya sa madubin ido, ya fara da bugun ya dawo da shi 0.2, sannan saurin. Sau biyar yana taɓawa yana jira. A ƙarshe fuska sama gaba da 11, fuska ƙasa 9, kan wani ƙasa 4, kan wani sama baya da 5. Ya ce da gangan ya bar shi ya ɗan fi karkata gaba.

Na tambaye shi ko za a iya kai shi sifili. Ya ce ko agogon Suwizalan masu takardar COSC, hukumar gwajin agogo ta ƙasar, da ake gwada injinsu kwana 15 a ajiya iri biyar da yanayin zafi iri uku, abin da ake nema a gare su tsakanin baya da 4 ne da gaba da 6 a rana, kuma kuɗinsu ya ninka nawa sau da yawa. Na gamsu. Ya shafa wa robar murfin mai, ya rufe, ya ce zai kwana a wurinsa ya sake aunawa da safe bayan wanin ya ragu. Maganar Baba ke nan.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Na karɓa ƙarfe goma, tare da takarda mai ɗauke da awon jiya da na yau da sa hannunsa. Ba a karɓi ko kwabo ba. Ya ce ranar da ban yi zirga-zirga ba in wana shi da yatsa sau ashirin zuwa talatin da safe, don inji ya fi tsayawa daidai in wanin yana da yawa. Na isa Jos bayan Magariba, ban daɗe ba aka sanar da ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi. Na saita ƙarfe tara.

Mota 26,000, cikin gari 5,000.

Asabar, 1 ga Maris

Azumi ɗaya. Gaba da 9. Alhamdu lillahi.

Juma'a, 7 ga Maris

7, 10, 8, 6, 9, 8. Mako guda bai cika minti ba, 57. Duk makon fuska sama yake kwana. Takardar ta nuna in kan wani yana sama yakan yi baya, don haka daga yau haka zan riƙa kwantar da shi a gefensa, abin da ya ci da rana ya mayar da dare. Na sake saitawa.

Juma'a, 14 ga Maris

Dabarar ta yi aiki. Tsakanin 2 da 4 a rana. Da shi nake duba lokacin sahur yanzu.

Na haɗa abin da na kashe: Baba 2,000, tafiya ta farko 32,500, direba 3,000, tafiya ta biyu 31,000, littafi 500. Naira 69,000, da kwana huɗu ban zauna a shago ba, a kan gyaran da aka ce kyauta ne, wanda Baba zai yi a dubu biyar. Na daɗe ina juya wannan a raina. Abin da kuɗin ya saya min shi ne katin da yanzu yake da hatimi kuma yana raye har Disambar 2026, ga takardar awo da zan nuna in wani abu ya sauya. In babban abu ya lalace a injin, sai in ce na ci riba. In bai lalace ba, na biya da tsada. Da na duba katin a ranar ciniki, na kuma nemi a auna shi kafin in biya, da rabin wannan bai taso ba.

Asabar, 29 ga Maris

Kwana 22 ban taɓa saitinsa ba, yana gaba da minti ɗaya da daƙiƙa 4. Na daina awon kullum, zan koma sau ɗaya a mako, daren Juma'a.

Ɗazu na kai wa Baba goron salla, na nuna masa shafin ƙarshe. Ya kara agogon a kunne ya daɗe yana saurare. Na kuma kai masa na mahaifina, wanda ya fi shekara goma a akwatin Hajiya bai motsa ba. Ya buɗe ya ce man ya bushe amma gashin lafiya lau. Wanki da sabon mai 8,000, in dawo bayan salla da mako biyu, don sai ya yi kwana uku a teburinsa.